Shari'ar Hadizatu Mani: wahayar Ƙonni da ta kai gwamnatin ƙasarta kotu

A shekarar 1996 aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12 kan jika 240 na sefa, wato sefa dubu 240. Sunanta Hadizatu Mani. Wanda ya saye ta, Alhaji Sulaimanu Naruwa, mutumin yankin Birnin Ƙonni ne a kudancin Jamhuriyar Nijar. Shekarunsa 46 a lokacin, matansa na aure huɗu, ga kuma wasu sa-ɗaka bakwai a hannunsa. Mahaifiyar yarinyar baiwa ce, saboda haka masu mahaifiyar suka lissafa 'yar a cikin dukiyarsu, suka yi ciniki, suka karɓi kuɗi. Ba a ɗaura aure ba, ba a yanka sadaki ba, ba kuma wanda ya tambayi yarinyar ko tana so.

Irin wannan yarinya ita ake kira wahaya a jihar Tawa, wajajen Ƙonni, Illela, Madawa da Buza. Waɗansu kan ce mata matar biyar, ko da kuwa ita ce ta goma a gidan. Mai hali, bayan ya cika huɗun da addini ya halatta masa, sai ya sayo yarinya daga zuriyar bayi, galibi daga hannun iyayengiji Abzinawa, ya kawo ta gida. Ita ce mai daka, mai ɗebo ruwa, mai itace, mai kiwo, mai aikin gona, mai hidimar matan gida da 'ya'yansu. Ba ta da ranar girki, ba ta da gado, amma maigida na zuwa mata duk lokacin da ya ga dama. Waɗansu wahayun akan sa musu ƙatuwar munduwa ta tagulla a ƙafa, mai nauyi, yadda duk wanda ya gan su a rijiya ko a kasuwa zai san matsayinsu tun kafin su buɗe baki.

Hadizatu ba ta cika shekara 13 ba lokacin da ubangidan nata ya same ta tana aiki a gona ya yi mata fyaɗe. Daga nan abin ya zama jiki, har wajen shekara tara, ga duka in ta yi gardama. Ta haifa masa 'ya'ya huɗu, biyu suka rayu.

Abin da ya sa na zaɓi wannan shari'a don in faɗi yadda na fahimci adalci shi ne, babu wani abu a cikinta da ya faru a ɓoye. Mun saba ɗaukar zalunci a matsayin aikin mugu guda ɗaya da ya yi a bayan idon jama'a. Na Hadizatu kuwa a gaban kowa aka yi shi. Maƙwabta sun sani, mai gari ya sani, daga baya alƙalai ma suka sani, har suka rubuta a takardun hukuncinsu. Kuma dokar da ta hana tana nan a rubuce. Tun 1905 Faransa ta soke bauta a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Tsarin mulkin Nijar ya haramta ta. A watan Yunin 2003 aka gyara kundin hukunta laifuka na ƙasar, bautar da mutum ta zama babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Duk da haka yarinyar ta ci gaba da daka a gidan da aka sayo ta.

Waɗanda suka kai labarin sabuwar dokar ƙauyuka su ne 'yan ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, wadda aka kafa a 1991, mafi yawan masu tafiyar da ita kuwa su kansu daga zuriyar bayi suka fito. Binciken da suka gudanar a farkon shekarun 2000 ya nuna akwai aƙalla mutum 43,000 da ke cikin bauta a Nijar. Gwamnatin Shugaba Tandja Mamadu ba ta ji daɗin wannan lissafi ba. A watan Maris na 2005 aka shirya bikin 'yanta bayi kimanin 7,000 a In Ates, cikin jihar Tillaberi, amma aka wargaza shirin, hukuma ta ce ai babu bauta a ƙasar. Ba a jima ba aka kama shugaban ƙungiyar, Ilguilas Weila, aka tsare shi makonni bisa zargin zamba, kafin a sake shi. A cikin wannan yanayi ne maganar Hadizatu ta taso.

Ran 18 ga Agusta 2005 Naruwa ya ba ta takardar 'yanci. Ya sa hannu, ta sa hannu, mai gari ya sa hannu ya buga hatimi. Da ta tattara 'yan komatsanta za ta tafi, sai ya tare ta ya ce ina za ki, ai ke matata ce. A ganina dabarar a fili take: takardar za ta kare shi daga sabuwar doka, kalmar aure kuma ta riƙe masa matar. Hadizatu ta ce za ta je duba mahaifiyarta da ba ta da lafiya. Tafiyar ke nan, ba ta koma ba.

Ran 14 ga Fabrairu 2006 ta shigar da ƙara a kotun al'ada ta Ƙonni, tana neman a tabbatar mata da 'yancinta. A daure a tsaya a nan a dubi wannan mataki. Mace ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ba ta yi boko ba, ba ta da ko dala, tun tana yarinya ake gaya mata cewa aljannarta na ƙarƙashin biyayyar ubangidanta. Wanda za ta yi ƙara kuwa Alhaji ne mai dukiya, sananne a yankin. Mutane da yawa masu digiri da albashi ba su iya tsayawa gaban wanda ya fi su su ce ka cuce ni. Ita ta tsaya.

Ran 20 ga Maris 2006 kotun ta ce babu aure tsakaninsu, tunda ba a biya sadaki ba, ba a kuma ɗaura komai ba, don haka tana da ikon ta auri wanda take so. Hukuncin ya yi daidai, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Alƙalin ya ji da kunnensa cewa an sayi yarinya da kuɗi an riƙe ta shekara tara, amma bai tura maganar ga mai gabatar da ƙara ba.

Naruwa ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Ƙonni, wadda ta rushe hukuncin farko ran 16 ga Yuni 2006. Dalilin da ta bayar shi ne ya fi komai ci mini rai a duk shari'ar. Ta ce auren ɗa da baiwa halal ne, matuƙar ba shi da halin auren 'ya, kuma yana tsoron faɗawa cikin zina. Wato kotun gwamnati, shekara uku bayan an mai da bauta babban laifi, ta kira mace baiwa a cikin hukuncinta, ta gina hukuncin a kan haka, ta wuce.

Ko ta fuskar fiƙihun da kotun ta jingina da shi aka duba, maganar ba ta tsayuwa. Sharaɗin da ke cikin Suratun Nisa'i na wanda ba shi da halin auren 'ya ne. Mutumin da ke da mata huɗu, ya kuma zaro jika 240 ya biya, ta yaya zai shiga wannan sharaɗi? Sannan ko a can ɗin ma maganar aure ake yi, da waliyyi da sadaki da shaidu, abin da ba a yi ko ɗaya ba a nan. In kuwa cewa ya yi baiwarsa ce ya sa-ɗaka, to da hannunsa ya 'yanta ta, kuma macen da aka 'yanta ba ta zama matar kowa sai da yardarta da sabon ɗaurin aure. Ta kowace ƙofa aka shiga, ba shi da hujja. Asalin cinikin ma fa? Hadisi ne ingantacce a Bukhari cewa mutum uku Allah da kansa ne abokin shari'arsu ranar alƙiyama, ɗaya daga ciki shi ne wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗinsa. Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, kuma Musulmin ƙasashe irin su Kano, Katsina da Borno ba a mallakarsu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya haramta bautar da Musulmi masu 'yanci, ko da yake daular da ta biyo bayan jihadinsa ta tara bayi masu ɗimbin yawa, kuma wannan tarihi ne da bai kamata mu riƙa kauce masa ba. Ina kawo waɗannan ne don masu cewa yaƙi da wahaya aikin Turawa ne da 'yan boko. Malamanmu sun riga su magana da ɗaruruwan shekaru.

Hadizatu ta garzaya Kotun Ƙoli a Yamai. Ran 28 ga Disamba 2006 kotun ta soke hukuncin babbar kotun Ƙonni, amma kan kuskuren ƙa'idar zaman shari'a kawai. Ba ta ce uffan ba game da bauta. Ta mayar da maganar Ƙonni a sake zama da wasu alƙalai. Kotu ta uku ke nan da ta ga abin ta kau da kai.

Ana cikin haka Hadizatu ta auri wanda take so, da yardar danginta. Da Naruwa ya ji, sai ya tafi wurin jandarmomi a watan Janairun 2007 ya kai ƙarar aure kan aure. Ƙararsa ba ta sha wahalar da tata ta sha ba. A watan Afrilu babbar kotun Ƙonni, a sabon zamanta, ta raba auren da ba a taɓa ɗaurawa ba, har ta ce sai Hadizatu ta yi idda ta wata uku. Ran 2 ga Mayu 2007 sashen hukunta laifuka na kotun ya yanke wa Hadizatu, da mijinta, da ɗan'uwanta ɗaurin wata shida-shida da tarar jika hamsin-hamsin. Ran 9 ga Mayu aka rufe ta a gidan kason Ƙonni tare da ɗan'uwan nata. Wanda ya saye ta yana gidansa. Sai ran 9 ga Yuli kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta ba da umarnin a sake su na wucin gadi.

Ɗan'uwan nan nata ba a cika ambatonsa ba in ana ba da labarin, alhali ya cancanci a ambace shi. Laifinsa kawai shi ne ya tsaya wa 'yar'uwarsa ta yi aure kamar kowace 'ya. Da ya ce mata ki yi haƙuri ki koma, kamar yadda ake gaya wa mata dubu a kullum, da bai kwana a kaso ba. Tsayuwa gaban zalunci sau da yawa haka take, ba ta da taro ba ta da lasifika. Mutum ne ake matsa masa ya mayar da ƙanwarsa inda ta gudo, ya ce a'a, ya ɗauki abin da ya biyo baya.

A cikin 2007 ɗin, da taimakon Timidria, da ƙungiyar Anti-Slavery International ta Ingila, da lauyoyin Interights, wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, da lauyanta na gida Abdurrahman Shaibu, Hadizatu ta kai ƙara Kotun ECOWAS, wadda mutanen Nijar suka fi sani da CEDEAO. Wannan karon ba Naruwa ta yi ƙara ba, Jamhuriyar Nijar ta yi ƙara, bisa cewa hukumominta sun san halin da take ciki suka ƙi kare ta. Tun 2005 aka buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙofar wannan kotu kan take haƙƙin ɗan Adam. Mazauninta Abuja ne, amma saboda mai ƙara ba ta da halin tafiya, shaidunta kuma suna Nijar, alƙalan suka taso suka zauna a Yamai a watan Afrilun 2008, ƙarƙashin Mai Shari'a Aminata Malle Sanogo 'yar ƙasar Mali. Wannan tasowa da suka yi, a wurina, tana cikin adalcin. Kotun da talaka ba zai iya isa gare ta ba, da ita da babu duk ɗaya ne a wurinsa.

Lauyoyin gwamnati suka kawo hujja biyu. Ta farko, ba ta gama bin kotunan gida ba, don haka ba ta da hurumin zuwa nan. Kotun ta ce dokar da ta kafa ta ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Ta biyu, ai matar aure ce, ta zauna da mijinta da daɗi da ba daɗi kamar kowane ma'aurata. Kotun ta koma ga ma'anar bauta a yarjejeniyar duniya ta 1926: a riƙe mutum yadda ake riƙe abin da aka mallaka. Ta kuma tuna da abin da kotun Nuremberg ta faɗa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cewa bawa na iya samun ci da sha da sutura da wurin kwana, amma yana nan bawa. Ga kuɗin da aka biya, ga aikin tilas, ga kwanciyar tilas, ga kuma takardar 'yanci da sa hannun mai gari. Wa ake 'yantawa in ba wanda aka mallaka ba? Takardar da Naruwa ya rubuta don ya tsira ita ce ta zama babbar shaida.

Ran 27 ga Oktoba 2008 aka yanke hukunci. Kotun ta ce Hadizatu Mani ta yi zaman bauta, kuma alhakin yana kan Jamhuriyar Nijar saboda hukumominta na mulki da na shari'a sun gani sun yi shiru. Ta ce alƙalin da aka kawo wa magana ya ga bauta a cikinta, wajibinsa ne ya tayar da batun da kansa, ko ba wanda ya roƙe shi. Ta umarci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Ba duk abin da ta nema ta samu ba. Miliyan 50 ta nema. Kotun ta yarda an nuna mata wariya saboda asalinta, amma ta ɗora laifin a kan Naruwa, ta wanke gwamnati. Ta kuma ce ɗaurin da aka yi mata ba na zalunci ba ne a idon doka, tunda kotu ce ta yanke shi. A nan ban yarda da alƙalan ba. In hukuncin aure kan aure ya tsaya ne a kan auren da asalinsa cinikin mutum ne, to wata biyun da ta yi a kaso ci gaban bautar ne da hatimin gwamnati a kai. Miliyan goma kuma, in aka raba ta kan shekara tara, da ƙuruciyar da aka ƙwace, da 'ya'ya biyu da ta binne, ba ta kai komai ba. Amma gwamnatin Nijar ta karɓi hukuncin ta biya, kuma wannan abin a yaba ne, don ƙasashe da dama a yankin sun sha yin biris da hukuncin wannan kotu.

Darasin da na fi riƙewa shi ne inda kotun ta ajiye laifin. Mu a al'adance in an ce zalunci, idonmu na kan azzalumi. Hukuncin Yamai ya juya ido zuwa ga waɗanda ke kewaye da shi: mai garin da ya sa hannu a takardar 'yanci bai tambayi yadda aka yi mutum ya zama abin 'yantawa a 2005 ba, da jandarman da ya karɓi ƙarar ubangida, da alƙalin da ya rubuta baiwa ya ci gaba da rubutu. Babu ɗayansu da ya sayi kowa. Amma ba don su ba, Naruwa shi kaɗai ba zai iya riƙe ta ba. Hadisin da muke karantawa tun muna makarantar allo ya ce wanda ya ga abin ƙi ya gyara da hannunsa, in bai iya ba da harshensa, in bai iya ba da zuciyarsa. Mun fi son mu ruga zuwa na ukun. Alƙali kuwa, da mai gari, da limami, da ɗan jarida, ba su da uzurin fakewa a nan, domin an ba su hannu an ba su harshe. Ni abin da nake kira adalci a cikin al'umma shi ne wanda ba shi da kowa ya zo gaban mai iko, a saurare shi da nauyin da za a saurari Alhaji.

A 2009 sunan Hadizatu ya zagaya duniya. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ba ta lambar yabo ta mata masu jarumta, mujallar Time ta sa ta cikin mutum 100 mafi tasiri a shekarar. Ta koma karkara da mijinta, ta ci gaba da aiki da Timidria wajen faɗakar da matan da ke cikin halin da ta fito. A gida kuwa abin ya yi ta jan ƙafa. A watan Mayun 2014 wata kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum ɗan shekara 63 shekara huɗu saboda ajiye wahaya. Shekara huɗu, a laifin da doka ta ce mafi ƙaranci goma. Zargin aure kan aure da ke wuyan Hadizatu ma bai sauka ba sai a 2019, lokacin da wata babbar kotu ta Nijar ta tabbatar cewa ba a taɓa yin aure tsakaninta da Naruwa ba, kuma ajiye matar biyar haramun ne a doka.

Mu da ke wannan gefen iyaka kada mu ɗauka labarin maƙwabta ne. Daga Ƙonni zuwa Illelar jihar Sakkwato tafiyar 'yan mintuna ce, kuma binciken da Timidria da Anti-Slavery International suka wallafa a 2012 ya nuna ana tsallako da wahayu ana sayar wa masu kuɗi a arewacin Najeriya. Mai sayarwa na can, amma wani mai sayen yana cikinmu, yana sahun gaba a masallaci.

Ƙofar da Hadizatu ta bi ma yanzu ta rufe ga 'yan ƙasarta. A watan Janairun 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Kowa na da ra'ayinsa kan siyasar wannan ficewa, amma sakamako ɗaya ba ya buƙatar gardama: yarinyar da aka sayar bana a jihar Tawa ba ta da wata kotu a Abuja da za ta taso ta zo ta saurare ta. Abin da ya rage mata shi ne alƙalin garinsu, da mai gari, da limamin unguwa, da maƙwabciyar da ke ganinta a bakin rijiya. Waɗannan su ne za su ga baƙuwar yarinya ta bayyana a gidan mai mata huɗu ba tare da an raba goro ba, kuma su ne ke da damar su tambayi maigidan wa ya ɗaura auren, nawa ne sadakin, a hannun wa aka danƙa shi.